Gonar da ke Bayan Igiya

Bana ruwan shuka ya makara. Kullum da la'asar hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta taso, sai kuma ya watse ya bar mu da zafi. Jiya da safe ina zaune a ƙofar gida na ga maƙwabcina ya fito da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu. Na tambaye shi ina zuwa, ga ƙasa ko ɗigo ba ta sha ba. Ya ce ya gaji da jira, binne zai yi. Zai sare busasshiyar ƙasa ya zuba irin ya rufe, in ruwa ya zo ya iske shi a ciki. Na yi masa fatan alheri. Da ya wuce sai na kasa shan kokon da ke gabana, don na tuna wani tsoho da ya taɓa yin binne, da abin da na yi masa.

Shekara ashirin ke nan ko kusa da haka. A lokacin ni direba ne a tashar Ƙonni. Sunana Illiyasu, amma kowa Illa yake ce mini. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, na fita, na bi mota har na iya. Motar ba tawa ba ce, ta wani Alhaji ce a unguwarmu, tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya irin wadda muke ce wa bashe, an sa mata benci biyu da rumfar tampol. Layina Ƙonni zuwa Badagishiri, ranar da aka samu mutane in zarce Illela.

A kan wannan hanya akwai wurin biyan kuɗin kwalta. A takarda peyaji ne, mu kuwa igiya muke cewa, don abin da ke wurin ke nan: duro biyu cike da duwatsu, igiya a tsakaninsu an ɗaura mata tsummoki don a hango ta daga nesa, sai ɗan ɗakin kwano inda mai yankan tike yake fakewa. Mai tiken a lokacin Mushe Abdu ne, kamar yadda muke kiran ma'aikaci da Faransanci, siririn mutum mai yawan ba'a. In ka tsaya ya yago maka tike, ya saki igiyar ta kwanta a ƙasa, ka taka ka wuce. Kowace safiya Alhaji yakan ba ni kuɗin mai daban, na igiya daban. Na igiyar ba su taka kara sun karya ba, amma a waccan shekarar babu ƙaramin kuɗi.

Shekarar da ta biyo bayan fara ce. A daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, abin da ya tsira kuma fara ta sauka a kai. Tun rani bai raba ba rumbuna suka zama fanko. Da bazara ta shigo, zafi ya yi irin wanda sai na naɗe sitiyari da tsumma kafin in iya riƙe shi. Fasinjojina suka canja. In zan tafi, mata ne da awaki masu haƙarƙari a waje, za su kai kasuwar Badagishiri, wata da yamma ta dawo da akuyarta don ba wanda ya taya. In zan dawo, maza ne majiya ƙarfi, kowa da ɗan ƙullin kayansa, sun nufi Najeriya neman abin da za su aiko gida. Ba a hira a mota kamar da. A gefen hanya ina ganin mata a kan itatuwa suna tsigar ganye, shanu kuma kwance a inda ƙafa ta ƙare musu.

A gidana mu shida ne: ni, matata Hadiza, ƴaƴa uku, da tsohuwata. Da asuba Hadiza takan dama kunun dussa mai ruwa-ruwa, yara su sha su koma su kwanta. Da rana garin rogo a jiƙa shi da ruwa da gishiri da ɗan yaji, in na samo shi. Da yamma dafaffen ganye. A bayan ɗaki akwai tukunyar anza, ƴaƴan wani itacen daji, da ake canja wa ruwa safe da maraice don ɗacin ya fita, bai kuwa taɓa fita duka ba. Turmi ya yi kwanaki a kife. Tsohuwata ta koyi cewa ta ƙoshi tun ba a miƙa mata kwano ba. Ba don in wanke kaina nake faɗin wannan ba. Gidaje da yawa sun fi mu shan wuya, masu gidajen kuma ba su yi abin da na yi ba.

A wajenmu in an gama kaka an kwashe amfani, gona ta kowa ce. Shanu su shiga su ci kara, amalanke ya ratsa, matafiyi ya yanke hanya, ba mai cewa uffan. Amma ranar da iri ya shiga ƙasa gona ta koma ta mai ita, ko jaki ba a bari ya taka. Da wannan aka raine ni, don ni ma ɗan manomi ne.

Ni na buɗe hanyar. Kafin ka kai igiya akwai wata kwana da wani tudu ya kare. A nan hanyar amalanke take sauka daga kwalta. Na lura in ka bi ta, ka ratsa wata gona ta tsakiya, ka sauka wani ɗan kwari ka hau, za ka fito kan kwalta can bayan igiya. Na gwada da rani, ta yi. Kuɗin igiya suka riƙa zama a aljihuna. Ba a yi wata guda ba wasu direbobi suka ga sawun tayata suka bi. Mushe Abdu ya sani, amma ba shi da abin bin mu. Sai dai ranar da na bi ta wajensa yakan leƙo ta taga ya ce:

"Illa, ashe motarka ta koyi tashi sama. An gan ka Ƙonni da safe, an gan ka Badagishiri da rana, ni ko ƙarar injinka ban ji ba."

Nakan ce masa barci yake yi a bakin aiki. Mu yi dariya.

Wata safiya a ƙarshen bazara na sauka hanyar kamar kullum, sai na ga wani tsoho tsaye a tsakiyar sawun, ya ɗaga hannu. Dogo ne, ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa. Na taka birki. Ya zo ta wajena ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya gaida fasinja, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ce shi ne mai gonar, sunansa Nomau, ga gidansa can inda rumbu ɗaya yake tsaye. Ya ce duk rani yana ganin wucewarmu bai ce komai ba, don gona a buɗe take.

"Amma ɗana, jiya na yi binne. Akwai iri a ƙasa. Ba ka ganinsa, amma yana nan, kuma shi ke nan abin da ya rage mini."

Na ce na ji, Baba, in sha Allah ba za a ƙara ba. Na yi baya na koma kwalta na biya.

Kwana uku na yi ina bin igiya. A na huɗu na ce wa kaina ai busasshiyar ƙasa ce, taya ba ta kashe irin da bai tsiro ba. Na iske tsohon ya sa ƙaya ya toshe bakin gonar. Na fita na janye ta da hannuna, na wuce, ban ma mayar ba.

Ruwan ya zo bayan mako guda, da rana tsaka. Ina cikin tasha iska ta juya, sanyi ya bugi wuyana, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Manya suka fito daga rumfuna suka tsaya a cikinsa kamar yara, wani tsohon direba yana kuka bai damu a gani ba. Washegari tasha ta zama wayam, kowa ya tafi shuka. Masu iri suka shuka, marasa iri suka bi gida-gida. Cikin kwana huɗu gonakin da aka yi wa binne suka fito da tsiro layi-layi, siriri kamar allura. Direbobin da ke bin sawuna duk suka koma igiya ba tare da wani ya ce musu komai ba. Ni ma na koma.

Ranar kasuwar Badagishiri ta zagayo, an kwana ana ruwa na biyu. Da safen nan gidana ba komai, sai na sayi garin rogo da kuɗin igiyar na bar wa Hadiza. Na yi lodi fiye da ƙa'ida, mutane a benci, buhuna da awaki a tsakiya. Da na doshi kwanar na san abin da ya kamata in yi. Da na tsaya na ce wa Mushe Abdu ya bar ni in biya a dawowa, da ya bari. Zai dai yi mini ba'a a gaban fasinja. Ba'ar nan kawai na guje wa. Na karya sitiyari na sauka.

Wata dattijuwa da ke zaune a gaba kusa da ni ta ce, "Direba, shuka ce hwa." Na yi kamar ban ji ba.

A kan tudu mun wuce lafiya, ina bin tsakanin layi gwargwadon iko. Da muka sauka kwarin, motar ta yi nauyi, ta ja, ta zauna. Na ba ta wuta. Tayoyin baya suka riƙa juyawa a wuri ɗaya suna watso laka, a madubi ina ganin tsiron yana tashi sama tare da lakar. Na sa baya, na sa gaba, ta ƙara nutsewa. Dole kowa ya sauka. Aka sauke buhuna a kan shuka, awaki suka bazu suna tsinkar tsiron, mutum goma sha wani abu suna kai da kawo. Na ciro shebur na haƙa. Wasu suka tumɓuke gambar da ke kan iyakar gonar aka cusa ƙarƙashin taya. Muna cikin haka sai ga motoci biyu, sun ga sabon sawu sun ɗauka hanya ta buɗe. Da suka iske ni a kafe, ɗaya ta kewaye ta dama, ɗaya ta hagu, suka yage abin da ni ban kai gare shi ba.

Kwarin nan shi ne zuciyar gonar. Ko wanda bai taɓa riƙe hauya ba ya san nan ne damshi ke zama.

Ban ga zuwan Baba Nomau ba. Na ɗago daga haƙa ne na gan shi tsaye, hannuwansa a baya. Ya daɗe yana kallon wurin, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sunkuya ya ɗauki tsiro ɗaya da ya tumɓuke da saiwarsa, ya duba, ya tona da yatsa ya mayar da shi. Ina jira ya zage ni. Wallahi na so ya zage ni. Sai ya tuɓe rigarsa ya rataya a kan ƙaya, ya shiga lakar ya kafa kafaɗa a bayan motar. Ya ce wa mazan su zo a tura, don duk daɗewar da ta yi a nan ɓarna take ƙarawa. Ya ce mini kar in ƙara sa baya, in karkata wajen da duwatsu suke. Haka aka yi, ta fita.

Da ya zo ɗaukar rigarsa numfashinsa yana fita da ƙyar, laka har a gemunsa. Na rasa inda zan sa idona. A gaban mutanen nan duka na ce masa laifina ne, kuma yau ɗin nan zan sayo masa iri a kasuwa, tiya biyu, ya sake shuka wurin. Bai ce na gode ba, bai ce a'a ba. Ya tambaye ni ko na san gero mai saurin nuna, don lokaci ya fara tafiya. Na ce na sani.

"To. Ƙasa tana da damshin kwana huɗu, ko biyar in rana ta yi sauƙi. Ina jiranka a bakin igiya, kar ka wahalar da kanka zuwa gida."

Na sayi irin. Ina so a san wannan, ko da yake ba ya rage komai. Da abin da na samu a ranar na je wajen masu awo, na zaɓi mai kyau, aka zuba mini tiya biyu a ƙaramin buhu na tura ƙarƙashin kujera. Amma motar ta ji jiki a lakar, a dawowa tafiya take kamar amalanke. Ban kai igiya ba sai da aka yi magariba. Tsohon ya jira har ya tafi. Mushe Abdu ya yago mini tike bai yi ba'a ba, bai ko dubi fuskata ba, na gane labari ya iso masa. Da na miƙa masa buhun na ce ya ajiye wa Baba, da magana ta ƙare a nan. Kunya ta hana ni buɗe baki. Na ce ai gobe ma rana ce.

Washegari motar ta ƙi tashi. Makaniki ya ce sai an sauke giya, kwana uku. Kwana ukun nan ba fita, ba samu. Na kai buhun gida na ajiye a ƙuryar ɗaki. Hadiza ta tambaye ni mene ne a ciki, na gaya mata duk yadda aka yi. Ta ce to amanar mutum ce, ta ɗora tabarma a kai don kar yara su gani. Ta ce me zai hana in ba wani direba ya kai. Na ce ni na yi alkawari, ni zan kai da hannuna. Gaskiyar ita ce ba na so ƴan tasha su ƙara samun abin faɗa a kaina.

A rana ta biyu garin rogo ya ƙare. A ta uku ƙaramar ɗiyata ta ƙi anza, ta kwanta a gindin randa tana wani kuka marar ƙarfi. Da hantsi na ɗage tabarmar na jawo buhun na ajiye a gaban Hadiza, na ce ta daka. Ta dube ni.

"Malam, iri ne. Mutumin yana can yana jira."

Na ce zan sayi wani da zarar mota ta fito. Ta ce ita hannunta ba zai iya ba. Na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba, har tsohuwata ta leƙo. Hadiza ta tashi ta tayar da turmin ta goge shi. Da taɓarya ta fara sauka, ƴaƴan maƙwabta suka taru a ƙofar gida, don an daɗe ba a ji daka a layinmu ba. Ta yi hura. Yara suka sha har cikinsu ya ɗaga, tsohuwata ta sha, aka miƙa wa na ƙofa. Hadiza ta ce ba ta jin yunwa. Ni na sha, kuma ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa shan hura mai daɗin wannan ba.

Da mota ta fito hatsi ya ƙara tsada, Alhaji kuma yana ƙorafin abin da gyara ya ci. Ranar da na fara komawa, ina wuce kwanar na hango Baba Nomau zaune a kan dutse kusa da duro, ƙwarya a cinyarsa, sungumi a jingine. Ya miƙe da ya gane motar. Na ce masa mota ce ta lalace, gobe zan zo da shi. Ya ce Allah ya kai mu, ya ƙara da cewa an yi ɗan yayyafi shekaranjiya, ƙasa za ta karɓa. Washegari na ce masa ban samu mai saurin nunan ba, ba na so in kawo masa wanda zai ba shi kunya. Ya ce na yi tunani. A rana ta uku na miƙa kuɗin tike ta taga ina kallon gabana, igiya na faɗuwa na taka. A madubi na ga ya ɗaga hannu, ba irin na tsayarwa ba, irin na gaisuwa.

Da yammar nan na je wajen Alhaji na ce layin Badagishiri ya mutu, ya bar ni in koma Malbaza. Ya yarda. Na yi wata uku ina bin bayan manyan motocin siminti, ina kwasar ma'aikata da masu tallan abinci, ban ƙara bi ta igiyar nan ba. In wani direba ya fara cewa ya ga wani tsoho, sai in tashi in ce zan duba ruwan mota.

A tsakiyar damina ruwa ya ɗauke kusan kwana ashirin. Gero yana gab da fitar da kai. Ina tuƙi ina ganin gonakin tudu suna murɗewa, ganye ya naɗe ya yi fari-fari, amma duk inda kwari yake shuka tana tsaye kore shar. Kowane kwari na wuce na san abin da nake kallo. Na riƙa sallah ina roƙon ruwa, ban sani ba ko don mutane nake roƙo ko don kaina.

Yanzu in abu irin wannan ya faru, waya kawai za ka ɗaga, ka ba ɗan kabu-kabu saƙo, kafin azahar ya isa. Ƴaƴana in na ba su labarin wahalar shekarar sukan ce ai lokacinku ba hanyar aike. Nakan bar su a haka. Hanya tana nan. Mota nawa ke wucewa ta wurin kullum.

Da kaka ta yi, sabon gero ya shigo kasuwa, na sayi rabin buhu. Hadiza ce ta ɗinke bakinsa. Na karɓi layin Badagishiri na rana ɗaya, na sauke fasinja, na dawo ba kowa na tsaya a igiya. Dutsen yana nan, ba mai zama a kai. Mushe Abdu ya fito ya jingina da duro ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ya ce tsohon ya yi kwana goma sha ɗaya yana zuwa. Sau biyu in an yi ruwa yakan je ya sare ramuka a kwarin ya dawo ya zauna, don in iri ya iso zubawa kawai za a yi. Wani maƙwabcinsa ya ba shi irin wake ya ce ya cike wurin kafin lokaci ya wuce, ya ce a'a, wurin gero ne, direba yana tafe, mutumin da ya yi magana a gaban jama'a ba zai fasa ba. Shi kansa Mushe Abdu ya ce masa ya daina jira, tsohon ya ce yaron yana da kunya, shi ya gani a idonsa.

Da shukar tudun ta ƙone a lokacin ɗaukewar ruwa, tsohon ya bi samarin garin suka hau bayan wata babbar mota suka yi kudu.

"Da hannuna na sakar musu igiya. Na ce Baba, da shekarunka ina za ka? Ya ce zai samo abin da tsohuwa za ta ci. Samarin sun fara dawowa. Sun ce sun rabu da shi a wata tasha, yana tari."

Na bar motar a nan na ɗauki buhun a ka, na bi ta gefen gonar. A tudu kara ne gajeru, zangarniya kamar yatsa. Kwarin kuwa ciyawa ce har ƙugu, ta yi kyau ƙwarai, a ƙarƙashinta ƙafata tana faɗawa cikin ramin da tayata ta bari.

Matar Baba Nomau, Inna Hajo, tana zaune a inuwar rumbu tana sussukar ɗan abin da aka samu a cikin faranti. Na yi sallama na sauke buhun na durƙusa. Ta amsa, ta kawo mini ruwa a moɗa, ta tambayi hanya. Sannan ta ce ko ni ne direban. Na ce ni ne, Inna. Na fara ba ta haƙuri. Ta bar ni na gama. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta kwance bakin buhun ta ɗebo ta murza a tafin hannu, ta ce mai kyau ne.

Ta shiga ɗaki ta mirgino wata babbar tukunya, ta ɗebo toka a murhu. Na ce mata wannan na ci ne, ta dafa, iri zan kawo wani kafin damina.

"Ni ban san wannan ba. Da zai tahi ya ce in direba ya kawo, kar in dafa, in ajiye mishi. Iri ne."

Na dubi murhun. Ba alamar an hura wuta a ranar. Ta riƙa zuba geron tana barbaɗa toka don kar ƙwari su ci, har ya ƙare. Ta ce in ba na sauri in kwaɓa mata laka, hannunta ba ƙarfi. Na kwaɓa. Ta kife faranti a bakin tukunyar, na shafe shi da lakar, muka tura ta ƙuryar ɗaki mu biyu.

Na koma layin Badagishiri. Nakan kai mata ɗan abin da ya samu, tana karɓa, amma tukunyar ba ta taɓa ba. Kafin damina ta zagayo ƴan'uwanta suka zo suka tafi da ita wani ƙauye a wajen Alela, ban san inda tukunyar ta ƙare ba. Shi Baba Nomau bai dawo ba. Kullum na tsaya biyan kuɗin kwalta nakan tambayi Mushe Abdu ko an ji wani labari, ya girgiza kai ya saki igiya. Haka muka yi shekara huɗu, har aka canja masa wurin aiki. Ranar da na iske sabon mutum a ɗakin kwanon na tambaye shi shi ma. Ya ce shi bai san wani Nomau ba, ya miƙo mini tike.